Sista Liyatu, wadda ta mayar wa Kubura allurarta

Kun sha ganin iyayenku mata suna murza ido da gefen mayafi, kuka kau da kai. In an matsa muku sai ku ce tsufa ne, ku biya kemis ku sayo maganin ɗigawa, wai kun sauke nauyi. Akwai wadda ba ta taɓa kau da kai ba. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, yawancinku ko sunanta ba ku sani ba.

Sista Liyatu Gaiya nas ce a sashen ido na wani asibiti a nan Minna. Kullum da safe takan fito daga Sauka Kahuta da filas na ruwan zafi da ƙananan tawul da ta wanke da hannunta. Masu keke sun ɗauka shayi ne. Ba tiyata take yi ba, shi ya sa ba a labarinta. Ciwon da ta ƙare ƙuruciyarta a kai shi ne bushewar ido. A bakin fatar ido, kusa da tushen gashi, akwai 'yan kafofi masu fitar da maiƙon da ke hana hawaye saurin ƙafewa. In suka toshe, sai ido ya yi ta raɗaɗi kamar an zuba rairayi, yana zubar da ruwan da ba ya jiƙa shi.

Hajiya Kubura ta Tudun Wada shaida ce. Da ɗinkin hula ta riƙe gidanta tun rasuwar mijinta. Da ciwon ya tasa ta gaba, zare ya riƙa dusashe mata, ta kasa bin zane. Maganin ido da ta gada shi ne kwalli, don haka duk sa'ad da raɗaɗin ya ƙaru sai ta ƙara zizara shi can ciki, a kan kafofin da suka riga suka toshe. Ranar da ta zo asibiti ta riga ta naɗe allurarta, ta haƙura da sana'ar.

"Bushewa fa kika ce, Sista? Ga hawaye har haɓa?"

"Miya ce ba mai, Hajiya, ruwa zalla. Rufe idon."

Liyatu ta jiƙa tawul da ruwan ɗumi, ta gwada a bayan hannunta, ta ɗora. Da ya huce ta sake. Sannan ta bi fatar idon da yatsa a hankali zuwa tushen gashi, ta goge bakin da auduga. Audugar ta fito baƙa ƙirin.

Liyatu Kirista ce daga kudancin Kaduna, amma ta san matsayin kwalli a wurin mace irin Kubura. Da ta ce a zubar da tandun kwallin, da Kubura ta tafi ba dawowa. Sai ta ce, "Ba raba ku zan yi ba. Ki ba shi hutu har mu ga sauƙi. Bayan nan a sa shi ta waje, ban da ciki."

"Takaba na gama ta tuntuni, Sista. So kike ki mayar da ni?"

"Ɗaya zai huta, Hajiya, ko kwalli ko allura. Zaɓi."

Kubura ta tura tandun ƙasan jaka.

Sauƙin bai zo da wuri ba, Liyatu kuma ba ta yi mata alƙawarin warkewa ta dindindin ba. Ta gaya mata ɗumama idon nan ya zama abin kullum, kuma kafar da ta mutu ba ta dawowa. Da Kubura ta gaji ta ɗauke ƙafa, Liyatu ta bi ta har gida bayan an tashi aiki, ko zama ba ta yi ba ta ce a ɗora ruwa. Yau hulunan Kubura sun koma kasuwa. Tana ɗinki tana ɗagowa ta ƙifta ido, yadda aka koya mata.

Ke ce, Sista, mai hannu kamar auduga. Ke ce kika ɗauki raɗaɗin da muke kira raki, kika ba shi lokacinki. Mun gode. Allah Ya ba ki hutu mai albarka, Ya tsare miki naki idon.

Sai dai godiya ba ta ɗumama tawul. Ku matasan nas, ku je ku zauna gefenta kafin wata ya ƙare, ku koyi aikin nan da hannunku. Kai kuma mai karatu, ajiye wayar nan. Je ka dubi idon mahaifiyarka da kyau. In tana murza shi, kada ka nufi kemis. Gobe da safe ka kai ta asibitin ido.