Baƙon da Ban Kai Ƙofar Mai Unguwa Ba

Ɗan kawuna ne, a hayin iyaka aka haife shi, cikin ƙasar Nijar. Ni ɗan mace, shi ɗan namiji, saboda haka tun muna yara ba mu taɓa gaisuwar kirki ba, sai tsiya da zolaya. A da, duk ranar kasuwar Shinkafi yana gidana da raƙuminsa, ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda.

Da 'yan bindiga suka lalata mana ƙasa, aka zo da doka: duk wanda ya sauki baƙo daga wata ƙasa, ya kai shi wurin mai unguwa a gan shi, a san ranar zuwansa da ta komawarsa. An yi shela a masallaci, na ji da kunnena.

A daminar da aka yi dokar ya zo. Yayarsa da ke aure a Birnin Tsaba ta kwanta ciwo, ta aika tana son ganinsa. Ya sauka wurina don ya kwana ya wuce. Ya tsufa, amma bakin yana nan.

"Ɗan mace, har yanzu ba ka gyara zauren ga ba? Ko jira kake ya faɗo ma a ka?"

"Da ka san da gyara, da ba ka zo da rigar bara ba."

Ya ciro takardunsa cikin leda ya nuna mini: katin ɗan ƙasa da takardar shiga, an buga mata hatimi a bakin iyaka, ta ziyarar 'yan kwanaki. Shi da kansa ya tayar da maganar.

"An ce yanzu sai an kai baƙo an nuna, kamar bajimin sayarwa. Tashi mu tai."

Na ce ba inda za mu. A wurinmu ba a tambayar baƙo ranar tafiyarsa, balle ka tasa shi gaba zuwa ƙofar sarauta. A lokacin, wanda ake kaiwa can shi ne wanda ake zargi da kai wa mutanen daji labari. Na ga yadda 'yan unguwa za su bi mu da ido, ga ɗan kawuna da furfurarsa. Na ce masa dokar ta baƙin ido ce, shi kuwa ɗan gida ne. Ya yi dariya ya mayar da ledar aljihu.

Da safe na ɗora shi kan babur ɗin haya, na koma gida. Kafin azahar aka kira ni a waya, jami'an tsaro sun tsare shi a wani shinge a hanyar Zurmi. Takardunsa lafiya lau. Amma sun ji harshensa, sun tambayi inda ya kwana, suka kira mai unguwarmu. Mai unguwa kuwa ya ce bai san da wani baƙo ba. Gaskiya ya faɗa.

Na je na same shi zaune a ƙasa gindin itacen bedi, hula a hannu. Na yi rantsuwa, na lissafa dangantaka tun daga kakanni. Babbansu ya saurare ni har na gama.

"Baba, in ɗan'uwanka ne, mi ya hana ka kai shi a gan shi?"

Na roƙa su bar shi ya ga yayarsa ko da rakiya, tafiyar ba ta da nisa daga nan. Suka ce umarni ne, iyaka za a mayar da shi. Waɗanda suke kwashe mana shanu suna ratsa dajin nan da rana tsaka, ba mai tambayarsu hatimi. Tsoho mai leda shi aka iya tarewa.

Da za a sa shi mota bai kalle ni ba. Kilishin da ya saya wa yayarsa ya miƙo mini.

Ni na kai mata. Ta riƙe ƙunshin, tana ta duban ƙofa ko yana bayana. Kafin a yanke gero ta rasu.

Yanzu ko jikana ne ya zo daga hayi, sai mun biya ƙofar mai unguwa kafin ya sha ruwa. Ɗan kawuna kuwa muna waya da Sallah. Yakan ce, "Alhaji, ina gajiya, ya iyali?" Nakan jira ya tambayi zauren. Ba ya tambaya.