Saƙon Inna ya shigo, babu mai karanta mini

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka buga mini waya: Mushe Lawali, wato Malam Lawali, ya rasu. Abokina, abokin aikina a lakwal, wato makaranta, nan Tanut.

Ban gama share hawaye ba sai ga saƙon Inna daga Belbeji. Tun ɗazu nake kallonsa, ban san abin da ta ce ba.

Mahaifiyata Buzuwa ce. Kunnenta ya yi nauyi, waya ba ta yi mata, amma tun ƙuruciya ta iya Tifinag, rubutun danginta. Ni ɗanta na cikinta na tashi da Hausa da Faransanci, ko harafi ɗaya ban sani ba.

Lawali Bahaushen Gangara ne, amma ya iya. Shi ya samo haruffan nan na kyauta da ake sa wa ordinatar, wato kwamfuta, ya zuba wa kowa a lakwal. Da, in an turo Tifinag ko ajami, ƴan akwatuna kawai muke gani. In ka ce nawa ne, sai ya yi dariya: “Waɗanda suka zana su ma sadaka suka bayar, ni wa?”

Har Belbeji ya bi ni ya saita wayar Inna. Ranar da ta ga rubutunta a gilashin wayar, sai da ta rufe baki da mayafi.

Daga nan ta fara rubuto mini. Ni kuma in tura wa Lawali, ya karanta mini, in faɗi amsa, ya rubuta, in mayar mata. Tana ta yi wa maƙwabta alfahari wai ɗanta ya koyi rubutun gida.

Haɗuwarmu ta ƙarshe wurin mai shayin tasha ce. Ya karanta mini cewa akuyarta ta haihu, ya miƙo mini wayar, ya ce: “Idi, haruffan na sa maka. Koyon fa ba ya shiga da kebul.”

Na ce sai an yi hutu.

Ga saƙon nan yanzu, tsaf, babu akwati ko ɗaya. Aikinsa bai lalace ba. Ni ne dai. Wallahi kunya nake ji, kunyarsa da ta Inna.

Na san a cikinku akwai masu iyawa. Don Allah kada kowa ya ce in turo masa. In an rufe shi zan hau motar Belbeji, in zauna gabanta in faɗa mata da ƙarfi, yadda za ta ji, wanda yake amsa mata. Ita ma tana da ta'aziyya a wannan mutuwa, ba ta sani ba. Sannan ta fara koya mini daga harafin farko.

Allah Ya jiƙan Lawali, Ya haskaka kabarinsa, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini. Wanda duk ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.