Tano Ukun da Yaya Haruna Ya Mayar Ƙasa

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana Haruna, ma'aikacin ruwa. Ni ce ƙanwarsa da ya ɗauko daga Maraɗi ya riƙe a unguwar Bukoki har na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, don haka abin da zan faɗa a gabana ya faru.

Lokacin fari ne, soji ke mulki, kowa na auna maganarsa kafin ta fito. An ɗora wa Yaya kula da wani foraj, wato rijiyar burtsatse, mai zurfi a unguwar Harobanda, wanda ruwansa ke fitowa da ɗumi. Sai ruwan ya fara ja baya. Yaya yana da hanyar gane ciwon rijiya: ya zuba mata ruwa, ya riƙe agogo, ya ga yadda take shanyewa. In ta yi nawa, to laka da tsatsa sun toshe ƙofofin yashin da ke ƙasa.

Ranar nan ya zuba wa rijiyar ruwa tano uku, wato ganga uku, a gaban mata da ke layi tun safe da bokitai wayam. Wayonsa na aiki ne kawai, bai san ya tsaya ya yi wa mutane bayani ba. Su kuwa abin da suka gani shi ne ma'aikacin gwamnati yana mayar da ruwa ƙasa ana mutuwa da ƙishirwa. Ban ga laifinsu ba.

Muna cin abincin rana soji biyu suka yi sallama. Ko hannu bai wanke ba suka tafi da shi. Kwana tara ina zuwa ƙofar bariki da kwanon tuwo, ana karɓa, ba a ce mini yana raye ko babu. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba.

Sun sake shi da sharaɗi: mako guda rijiyar ta dawo yadda take, ko shi ya dawo wurinsu. Ya yi ta hura mata iska da inji, jar laka na fitowa. Ruwa ya ƙaru, mata suka yi guɗa, aka ce Haruna ya warkar da foraj.

Da ya dawo gida na yi masa barka. Ya dube ni ya ce, "Hadiza, rabi ne ya dawo. Ni kuma na rubuta musu duka ya dawo."

Na ce, "Yaya, in suka gane fa?"

Ya ce, "Ki yi addu'a damina ta riga su."

Daminar ta zo, aka manta da lissafin. Shi dai bai manta ba. Bayan 'yan shekaru rijiyar ta kafe, kuma bai taɓa yarda ya bi ta layin da take ba. Har ya tsufa, in mota ta tsaya a ƙofar gida sai ya ajiye cokali.

Yanzu ina zaune a Bobiyel, inda mai hali ke haƙa foraj a tsakar gidansa. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin zai tambaya ko akwai mai auna abin da ya rage a ƙasa, sannan ya rage murya, don bai ƙara faɗin ra'ayinsa da ƙarfi ba.

Tsofaffin Harobanda suna yi masa addu'a a matsayin wanda ya ceci rijiyarsu. Ni na san mutum ne mai gaskiya da aka tsorata har ya yi ƙarya sau ɗaya, ya ɗauke ta har kabari. Allah ya yafe masa. Tsoron ma ya bar mana gado: waɗanda suka kama shi sun daɗe da barin mulki, amma da na zo rubuta cikakken sunansa a nan, hannuna ya ƙi.