Mai Riƙe Mana Gorar Eriya

A shekarun da ƙauyuka suka kwararo cikin Maiduguri, kawun matata ya sauka gidanmu a Bulumkutu, da buta da tabarma. A garinsu, in ji matata, ya yi shekaru bayansa bai taɓa ƙasa a fagen kokawa ba.

Lokacin ba mu kai ga sayen dish ba. Talabijin ɗinmu da eriya yake aiki, a ɗaure bisa doguwar gora a tsakar gida. Ranar Asabar bayan la'asar, in an yi sa'a da wuta, tashar gwamnati takan saka kokawar Turawa. Abokan koyarwata biyu sukan zo mu kalla, su tafi kafin dokar hana fita.

Gorar tana da hali. Ka saita ta ka saki, hoto ya koma yayyafi. Sai da hannun mutum a jikinta. Asabar ɗinsa ta farko a gidanmu Kawu ya miƙe da kansa ya riƙe, muna yi masa umarni ta taga.

"Dama kaɗan, Kawu. Ya wuce. Yauwa, tsaya nan."

Daga nan ya zama aikinsa. Na fassara wa kaina cewa tsoho yana son motsa jiki. Na karanta littattafan da suka isa su gaya mini cewa mutumin da ke cin tuwon gidan wani yakan nemi abin da zai riƙe, amma ranar Asabar ba na tuna karatu.

Wata rana da aka tafi talla na fita shan ruwa. Ya sauya hannu, ya ce, "Malam, wa ya kayar?"

Na ce, "Kawu, ai duk shiri ne. Tun kafin su hau an faɗa musu wanda zai faɗi. Ba ka rasa komai ba."

"To zo ka riƙe, ni ma in ga ƙaryar."

Na yi dariya sosai, don dariya ce ta fi sauƙi. Daga ciki aka ce an dawo, na shige.

Bai sake tambaya ba. Ya riƙe mana har damina, sannan ɗansa ya sami ɗaki a Moduganari ya ɗauke shi. A can babu talabijin.