Sauron da ke Cizo da Rana

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Na sha fara wannan rubutu ina gogewa, don ban tabbata zan faɗa daidai ba.

Zazzaɓi ya kama ni cikin damina, ina shagona na tayoyi a Ƙofar Marke. Na ce maleriya ce. Na je kemis aka yi mani allura, aka haɗa mani da ƙwayar ciwon jiki mai ƙarfi.

Ban taɓa jin azaba irin wannan ba. Ƙasusuwana kamar ana farfasa su da guduma, bayan idanuna kamar ana kafa ƙusa. Na ciji matashin kai har ya yage.

Da zazzaɓin ya sauka na ɗauka na warke.

Ina alwala na kurkure baki, sai na tofar da jini. Hanci ya ɓalle da jini. Na yi amai baƙi ƙirin, na faɗi, goshina ya bugi bakin randa ya fashe. Matata Hadiza ta ce jana ta yi a ƙasa har zaure, tana kiran yayana.

A asibiti gwajin maleriya bai nuna komai ba. Duk inda aka soka allura jini ba ya tsayawa. Likitar ta dubi yayana ta ce, "Mi kunka ba shi?" Da ta ga ƙwayar ta ce ita ta ƙara tsinka jinin. Gwaji na biyu, mai tsada, ya nuna zazzaɓin denge ne, wanda wani irin sauro ke yaɗawa.

Aka sa mani ruwa, aka nemi jini. Maƙwabcina Malam Bitrus, malamin makaranta, shi ya bayar. Da na farfaɗo ya ce, "Malam Sani, yanzu rabinka ɗan Filato ne, sai ka fara cin gwate."

Na tambayi likita don me sauron shi ba ya mutuwa da cutar. Ta ce jikinsa na da garkuwar da ke danne cutar ba tare da ta kawar da ita ba, kuma akwai wasu ƙananan halittu da in suna cikin sauro sukan hana cutar yaɗuwa, har a wasu ƙasashe ana sakin sauron da ke ɗauke da su da gangan. Ban san ko na fahimta daidai ba. Ta ce da rana yake cizo, kuma a ruwan da ya kwanta cikin tayoyi yake ƙyanƙyasa.

Alhamdu lillahi, na miƙe. Na gode wa Hadiza, yayana, Malam Bitrus da ma'aikatan jinya.

Ku zubar da ruwan tayoyi da gwangwanaye, ku rufe randa. Ku yi gwaji kafin allura. In kun ga jini a baki ko hanci, ku nufi asibiti nan take. Ni da na ƙara kwana a gida, da yayana ne zai rubuto muku.