Likitan da ba ya allura

Shekarun baya, zamanin soja, ɗana ya gama karatunsa a jami'ar nan ta Ibadan, aka ce ya zama dakta. Na raba goro a unguwarmu ta Sabo har sai da hannuna ya gaji.

Lokacin yana neman 'yar wani dillalin shanu. Wata rana zazzaɓi ya kama dillalin, ya aika wa ɗana ya zo ya yi masa allura. Yaron ya ce shi ba likitan allura ba ne, ya ɗauke shi ya kai asibiti. Mutumin nan yana warkewa ya ce ba zai ba maƙaryaci 'yarsa ba.

Maƙaryaci! Ɗan da na goya!

Na zaunar da yaron na ce, "Kai, faɗa mini, me kake yi a can?"

Ya ce, "Inna, jiki ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani. A cikin kowacce akwai 'yar jaka kamar tashar motar Ojoo. Kaya na shigowa, maiƙo ne, ƙarfen jini ne, sai wasu sinadarai su duba alamar kowane kaya: wannan a wuce da shi ciki a narkar, abin da ya ɗauko shi kuma a mayar da shi ya sake ɗaukowa. In suka rikice, ciwo ya samu. Su nake bincike."

Na yafa mayafina sai gidan dillalin. Na zayyana masa tas, har da nuni da hannu, kamar ni na gano abin.

Ya kwashe da dariya ya ce, "Hajiya, ashe ɗan kamasho kika haifa!"

Na ce, "Alhaji, kitsen da kake lodawa cikinka kullum, wa ke sauke maka shi?"

Na fito a fusace, na manta takalmina ɗaya. Matarsa ce ta biyo ni da shi, ta ce, "Yaya, wanda ya ce bai iya ba, bai soke mini miji a banza ba, shi zan ba 'yata."

Aka ɗaura aure. Jikoki sun cika mini gida, amma maganar nan ta Alhaji ba ta bar ni ba. Alhaji ya tsufa, ƙafa ta ƙi, ɗana ke kai shi asibiti. Duk sanda motar ɗana ta tsaya ƙofar gidan Alhaji, ni ke aika masa: ya fito, ɗan kamasho ya iso.