Gaisuwar Gwaggo Gida-Gida

Shekarar da aka kwashe mutanen bakin kogin Komadugu, gwaggona ta baro ƙauyensu na wajen Bosso ta sauka ɗakina a Diffa, da tabarma da buhun tattasai rabi. Ni kuwa lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kuma ciwon son zama marubuciya ya kama ni sosai. Na ce zan buɗe shafi a intanet in riƙa zuba labaranta: yadda ake ban ruwa, yadda ake shanya tattasai har ƙasa ta koma ja.

Gwaggo ba ta damu da marubuta ba. Abu ɗaya ke cin ranta: maƙwabciyarta, wadda suka yi shekaru katanga ɗaya, sun rabu ranar gudu, kuma ba wanda ya san ko tana raye.

Na kai kukana wurin malamin lissafinmu, mutumin da ke jin kansa a harkar na'ura. Ya nuna mini dandali uku. Na farko kyakkyawa ne kamar ɗakin amarya, amma ana biya duk wata. Na biyu kyauta ne, sai dai mai karatu ya yi rajista kafin ya shiga. Na uku fari fat, rubutu kawai da wurin amsa a ƙasa.

"Madam, wannan na ukun ko kallonsa kar ki yi," in ji shi. "Na tsofaffi ne."

Ni da son a yaba, na ɗauki na farko. Na ɗora hoton tattasai ƙato. Na tafi da salulata wurin 'yan gudun hijira da ke bakin gudron, babban titin kwalta, don in nuna, muka tsaya mata bakwai muna kallon wani ɗan zobe yana juyawa. Rezo, wato sabis ɗin waya, can sai a hankali. Da hoton ya sauko rabi, wata ta ce, "To, mun ga tattasai. Mu muka noma shi ai." Kunya ta kusa kashe ni.

Na koma na biyu. Shi kuwa ba wadda ta san rajista sai ta karɓar abinci.

Haka na dawo kan na tsofaffin ina ƙunƙuni. Na zaunar da gwaggo, ta fara ba ni labari. Amma gwaggo ba ta shiga magana sai ta gaisa, kuma gaisuwarta gida-gida take bi, daga bakin ruwa zuwa masallaci, kamar tana tafe a ƙafa, kowace ƙofa da "wushe", wato sannu. Suna kuwa ta hana a saka, saboda halin da ake ciki. "Wushe, gidan mai gyaran jirgi. Wushe, gidan da jakinsu ke cin wanki. Wushe, gidan gindin tsamiya, ya gajiya, ya yara, ya ƙafa?" Gidan gindin tsamiya shi ne na maƙwabciyar.

Na rubuta, sannan na yanke gaisuwar kaf, don malamin lissafi ya ce mutanen intanet ba su da haƙuri. Da na karanta mata, ta saurara har ƙarshe, ta gyara ɗankwali.

"Ina mutanen?"

"Gwaggo, na taƙaita ne."

"'Yata, kin shiga gari ba sallama, kin fara wa'azin tattasai. Wa ya haife ki? Mayar da su."

Na mayar, raina a ɓace. Gaisuwar ta fi labarin tsawo nesa ba kusa ba. Sai dai fa shafin nan marar ado yana buɗewa ko a ƙaramar salula mai maɓallai, ko rezo na layi ɗaya. Matan bakin gudron suka sa ana karanta musu, kowa na jiran a iso ƙofarsa. Masu jakin nan har suka aiko da ƙorafi, wai jakin ya daina tun tuni. Aka yi ta turawa, Tumur, Maine, har tsallaken iyaka. Malamin lissafi ya ce dama shi ya nuna mini dandalin.

Gidan gindin tsamiya kawai ne shiru. Kullum na dawo daga lakwal gwaggo na bakin ƙofa, ba ta tambaya, kallon jakata kawai take yi. Nakan girgiza kai, ta ce to, ta tashi ta hura wuta. Wannan "to" ɗin yana min ciwo.

Wata Laraba da hantsi, ina cikin aji, na duba shafin a ɓoye na ga amsa. Na bar yara da jimla rabi a allo, na zo gida da gudu, alli a hannuna. Na karanta mata ina haki:

"Gidan gindin tsamiya na amsawa daga Maine. Ƙafa da sauƙi. A gaya mata kaskon turarenta da na ara yana wurina, ban fasa ba."

Gwaggo ta zauna daɓas a tabarma. Ta yi dariya, hawaye na zuba, ni ma haka. Can ta share fuska da bakin zane ta nuna salular.

"Rubuta. Ki ce ta riƙe shi da kyau, ni zan zo in karɓa da kaina. Amma ki fara da gaisuwa."